Tsuntsun Da Ya Kira Ruwa: Nasiha Ga Matasa Kan Kalmar "Invoke"

Ƙannena maza da mata, akwai wata kalmar Turanci da ke yawan fitowa a jaridu da takardun kotu da littattafan makaranta, wadda da yawanku kun sha ganinta kuna wucewa. Kalmar ita ce invoke. Duk ranar da aka ayyana dokar ta-ɓaci, ko wata ƙasa ta nemi ɗaukin ƙawayenta, ko wanda ake tuhuma ya ƙi amsa tambayar ɗan sanda, za ku same ta a kanun labarai. Masu fassara zuwa Hausa kuwa kowa da inda yake kama ta. Wani ya ce "amfani da", wani ya ce "dogara da", wani "kafa hujja da", wani "aiwatar da", in kuma zancen ibada ne a ce "roƙo" ko "addu'a". Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, sai dai kowanensu reshe ɗaya ya riƙe ya bar gindin. Gindin shi ne kira, irin kiran da mutum ke yi wa abin da ya fi shi ƙarfi domin ya zo ya tsaya masa, Ubangiji ne, ko doka, ko yarjejeniya, ko sunan wani babba. Abin da nake son tabbatar muku shi ne irin wannan kira yana da nauyi a wuyan mai yin sa, kuma matashin da ya fahimci wannan kalma har gindinta ya samu ma'aunin da zai riƙa auna maganar shugabanni da ta malamai da wadda ke fita daga bakinsa shi kansa.

Asalinta daga Latin ne, harshen mutanen Rum na dā. Suna da kalmar vox, wato murya, da aikatau vocare, wato kira. Da aka liƙa masa ɗafa-goshi in, mai nuna dosar abu, sai aka samu invocare, ma'ana ka juya muryarka wajen wani kana neman ya zo. Daga Latin ta gangaro Faransanci ta zama invoquer. Faransanci kuwa ya daɗe yana harshen fada da na kotu a Ingila bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066, shi ya sa kalmomin shari'a da mulki da coci na Turanci masu yawa ta can suka biyo. Invoke ta bayyana a rubutun Turanci wajajen ƙarshen ƙarni na 15. Gidansu babba ne, kuma kun san 'yan'uwanta ko da ba ku san dangi ba ne. Revoke ita ce a kira abu ya dawo, wato a soke shi, kamar yadda dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta ba gwamna ikon soke takardar mallakar fili don amfanin jama'a. Convocation kiran mutane ne su taru wuri guda. A jami'o'in Najeriya bikin yaye ɗalibai ne, a Faransancin da ake aiki da shi a Nijar kuwa takardar da hukuma ke aiko maka ce ka zo ana nemanka. Advocate shi ne wanda ka kira ya tsaya kusa da kai gaban alƙali, wato lauya. Provoke ita ce ka kira mutum ya fito fili, ka takale shi. Har bauca da ma'aikata ke jira a sa wa hannu kafin kuɗi su fito 'yar gidan ce, domin a tsohuwar shari'ar Ingila voucher kiran wani ne zuwa kotu ya tabbatar da cewa filin da kake riƙe da shi naka ne.

Ma'anarta ta farko ta ibada ce: bawa ya kira Ubangijinsa, ko mai bautar gumaka ya kira abin bautarsa. Daga nan ta shiga adabi. Manyan waƙoƙin Girkawa da ake jinginawa ga Homer suna farawa da roƙon allahiyar fasaha ta buɗe bakin mawaƙi, kuma John Milton ya bi wannan turba a farkon Paradise Lost da ya fito a 1667. Turawa suna kiran irin wannan buɗewa invocation. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin rubutacciyar waƙarmu tun zamanin masu jihadi da sunan Allah da salatin Annabi take farawa kafin a taɓa jigo. Sai kuma ma'anar tsafi, inda boka ke kiran aljani ya bayyana, kwatankwacin yadda 'yan bori ke kiran iska da goge ko garaya. Ku dubi abin da ya haɗa su: kullum daga ƙasa ake kira zuwa sama, mai rauni ke kiran mai ƙarfi, kuma in abin da aka kira ya zo, ba mai kiran ke juya shi ba. Wannan hanyar tunani ba ta Turawa kaɗai ba ce. A Larabci saiwa guda mai ma'anar kira ita ta haifi addu'a, ta haifi da'awa ta kiran mutane zuwa addini, ta kuma haifi da'awa ta mai ƙara gaban alƙali. Harsuna biyu da ba dangi ba sun tashi daga wurin ibada sun isa kotu da kalma ɗaya, saboda wanda ke gaban alƙali da wanda ke kan dadduma duk sun san ƙarfinsu bai isa ba, suna neman wanda ya fi su.

Kafin mu yi nisa, ga yadda ake ɗora ta a jimla. Aikatau ne mai ɗaukar karɓau kai tsaye, ba a sa masa on ko upon tsakaninsa da abin da aka kira. Ana cewa invoke the law, wato a kira doka. Kalma ce ta manyan wurare, ba a amfani da ita wajen kiran aboki a waya ko kiran yaro ya kawo ruwa. Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce evoke, kuma tarihin Rum yana raba su sarai. Rumawa suna da wata al'ada mai suna evocatio: in sun kewaye birnin abokan gaba, sai su kira abin bautar birnin ya fito ya koma wajensu, su yi masa alkawarin ɗaki mafi kyau a Rum. Masanin tarihinsu Livy ya ba da labarin yadda jarumi Camillus ya yi haka ga allahiya Juno a birnin Veii a shekara ta 396 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Saboda haka evoke fito da abin da ke ɓoye a ciki ne. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko yana taso maka da tunanin ƙuruciya, wannan evoke ne, kuma babu niyyar kowa a ciki. Invoke kuwa da gangan ake yi, akwai mai kira, akwai wanda ake kira, akwai buƙata. Gaskiya ne wasu marubuta suna cakuɗa su har wasu ƙamusoshi sun rubuta hakan, amma a takardar jarrabawa da takardar kotu ku riƙe bambancin.

A fagen shari'a da siyasa ne kalmar ta fi aiki a yau, kuma a nan darasi na farko yake: ikon da ke rubuce kwance yake har sai an kira shi da sunansa. An kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949 da ƙasashe 12, kuma sashe na 5 na yarjejeniyarta ya ce harin da aka kai wa ɗaya daga cikinsu an kai wa duka ne. Waɗanda suka rubuta shi Tarayyar Sobiyet suke tsoro ta auka wa Turai. Sashen ya yi shekara 52 ba a taɓa shi ba, har Sobiyet ɗin ta wargaje. Sai ranar 12 ga Satumba 2001, kwana guda bayan harin New York da Washington, aka kira shi karo na farko, kuma don kare Amurka. Abin da ya fi kusa da rayuwar talaka shi ne shari'ar wani mutum mai suna Thompkins a jihar Michigan. Gyara na 5 na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya ba mutum 'yancin ƙin ba da shaidar da za ta kama shi. Thompkins ya yi kusan awa uku gaban 'yan sanda da ƙyar yake cewa uffan. Can wajen ƙarshe aka tambaye shi ko yana roƙon Allah gafara kan harbin da ake tuhumarsa da shi, ya ce e. Da wannan kalma ɗaya aka kafa hujja a kansa. Lauyoyinsa suka ce ai shirun da ya yi ya nuna ya zaɓi 'yancinsa. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce shiru kaɗai bai wadatar ba, sai mutum ya buɗe baki ya faɗa sarai cewa ya riƙi 'yancinsa na yin shiru. Kuna iya ganin hukuncin da tsauri, alƙalai huɗu ma haka suka gani, amma darasin a fili yake. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 35, ya ba duk wanda aka kama damar ƙin amsa tambaya har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Wanda bai san da sashen ba, ta yaya zai kira shi ranar da yake buƙatarsa?

Darasi na biyu shi ne ba kowa ke da hurumin kira ba, kuma in an kira, abin da zai biyo baya ba ya jiran shawarar mai kiran. A ranar 23 ga Yuni 2016 mutanen Birtaniya suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai. Ƙuri'ar da kanta ba ta fitar da ƙasar ba; sai an kira sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar. Gwamnatin Firaminista Theresa May ta ga ita ke da ikon yin hakan. Wata 'yar kasuwa mai suna Gina Miller ta kai ƙara, kuma a Janairun 2017 Kotun Ƙoli, da alƙalai 8 a kan 3, ta ce sai majalisar dokoki ta yi doka ta ba da izini. Bayan an samu izinin, aka miƙa wasiƙar ranar 29 ga Maris 2017, daga nan wa'adin shekara biyu ya fara ƙirguwa ko an shirya ko ba a shirya ba. Ba a shirya ba kuwa. Sau uku ana neman ƙarin lokaci, May ta sauka daga kujerarta a 2019, ƙasar ba ta fita ba sai 31 ga Janairu 2020. Magana zarar bunu ce. Haka abin yake a gida: sashe na 305 na kundinmu ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci, amma ya ɗaure shi da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya. An kira sashen a Filato a 2004, da Ekiti a 2006, da Barno da Yobe da Adamawa a 2013, da Ribas a 2025. A wasu an dakatar da gwamnoni, a na 2013 an bar su kan kujerunsu, kuma lauyoyi sun daɗe suna jayayya kan iyakar abin da sashen ya halatta. Ambaton lambar sashe bai kashe magana ba, nan ma take farawa.

Darasi na uku ya fi su kaifi: suna ɗaya ana iya kiransa don gyara, ana iya kiransa don ɓarna. A watan Nuwamban 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya ba tare da ya aika wa majalisa wasiƙar da sashe na 145 na kundinmu ya tanada ba, ƙasa ta shiga ruɗani, babu wanda ya san mai riƙe da ragama. Ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta dogara da abin da masana shari'a ke kira ƙa'idar larura, ta ɗauki hirar da shugaban ya yi da BBC ta waya a matsayin sanarwa, ta mai da mataimakinsa Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. Jaridun Turanci da kalmar invoke suka ba da labarin. Daga baya aka gyara sashen aka sa wa'adin kwana 21, don kada a sake buƙatar irin wannan mafita. Amma ku dubi tarihin wannan ƙa'ida a Pakistan. A 1955 babban alƙali Muhammad Munir ya jingina da ita wajen halatta matakan gwamna-janar bayan rushe majalisar tsara kundin mulki. A 1977 da ita Kotun Ƙoli ta wanke juyin mulkin Janar Ziya'ul Haƙ, a 2000 kuma ta wanke na Janar Musharraf. Ƙa'idar da ta toshe giɓi a wata ƙasa ita ta buɗe wa soja ƙofa a wata. Malamanmu na fiƙihu sun san wannan haɗari tun tuni, shi ya sa da suka yarda larura tana halatta abin da aka hana, nan take suka ɗaure ta da cewa gwargwadonta ake auna ta. Duk wanda ya ambaci larura bai faɗi iyakarta ba, ku sa masa ido, don sau da yawa fakewa ake yi da guzuma a harbi karsana.

To, ba shugabannin ƙasa kaɗai ke wannan kira ba. Ku ma kuna yin sa kullum. Duk sanda gardama ta yi zafi wani ya ce "malamai sun ce", ko "bincike ya nuna", ko "doka ta hana", ko "al'adarmu ba ta yarda ba", ya daina magana da ƙarfin kansa, ya kirawo wani ya tsaya masa. Babu laifi a cikin haka, ilimin ɗan Adam duk a kan na gabansa yake tsaye. Laifin yana wurin kiran wanda ba za ka iya nunawa ba. Wane malami, a wane littafi? Wane bincike, wa ya yi shi? Wace doka, sashe na nawa? Malaman hadisi, irin su Imam Bukhari da ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, sun ƙarar da rayuwarsu kan wannan tambaya guda. Ba sa karɓar "Annabi ya ce" sai an jero musu wanda ya ji daga wa, kuma sun binciki gaskiyar kowane mutum da ƙarfin haddarsa, saboda sun san girman sunan da ake kira. Masu rubuta manhajar kwamfuta ma da wannan kalma suke aiki in wani sashen manhaja ya kira wani ya yi masa aiki, kuma na'ura ba ta da kara: ka kuskure harafi ɗaya a sunan, ba abin da zai zo, ka kira umarnin gogewa bisa kuskure, zai goge ba tare da ya tambayi niyyarka ba. Mutane suna da kara, shi ya sa ake samun damar yaudararsu da manyan sunaye. Mai yin haka ya mai da malamai da doka tamkar kurar gardi, su da shan bugu shi da karɓar kuɗi.

Mai ilimin harshe zai iya tare ni ya ce asalin kalma ba shi ke hukunta ma'anarta ba, yadda mutane ke amfani da ita a yau shi ne alƙali. Ya yi gaskiya, kuma yana da shaidu. Kalmar nice da ake yabon mutum da ita ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin jahili, kuma babu ma'aikacin da ke tuna kiran kotu in ya riƙe baucar albashinsa. Wanda ya nace sai kalma ta koma ma'anarta ta shekara dubu da suka wuce ɓata lokacinsa yake yi. Amma akwai kalmomin da suka yi nisa da gida har suka mance hanya, akwai kuma waɗanda suka yi rassa gindinsu yana nan. Invoke tana cikin na biyu. Ku gwada duk ma'anar da take da ita a yau, ta mai addu'a, ta boka, ta lauya, ta firaminista, ta mai manhaja, za ku tarar da siffa ɗaya: wani ya ambaci suna, wani ƙarfi da yake kwance ya tashi. Amfanin sanin asalin a nan shi ne ya zama igiyar da za ta ɗaure muku ma'anoni biyar wuri guda, maimakon ku haddace su ɗaya-ɗaya ku mance uku kafin ranar jarrabawa. Wanda ya san vocare ya samu mabuɗin kalmomi fiye da goma a zama ɗaya.

Wani kuma zai ce wahalar me, ga waya a hannu tana fassara komai cikin ƙiftawar ido, kuma me ya sa Bahaushe zai ɓata dare kan kalmar Bature alhali nasa harshen yana neman hidima? Waya kalma ɗaya za ta ba ka, zaɓen wadda ta dace da wurin kuwa aikin mai hankali ne. In aka fassara kiran sashe na 305 da "amfani da" kawai, an ɓoye wa mai sauraro cewa iko ne na musamman mai sharuɗɗa, an mai da shi kamar ɗaukar cokali. Sannan ko muna so ko ba ma so, kundin tsarin mulkin Najeriya da hukunce-hukuncen manyan kotuna da takardun bashin banki da na ɗaukar aiki da Turanci ake rubuta su, na Nijar kuma akasari da Faransanci, inda 'yar'uwarta invoquer ke wannan aiki. Wanda bai san kalmomin da ake ɗaure shi da su ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Game da hidimar Hausa kuwa, zurfafa cikin kalmar baƙo yana tilasta maka ka tono naka rumbun. Sai ka tarar muna da roƙo, da kamun ƙafa, da tawassuli, da jingina, da kafa hujja, da kiranye, wadda a dā asiri ce ta jawo wanda ya yi nisa ya dawo gida, yau kuma ta zama sunan matakin da masu zaɓe ke ɗauka su dawo da ɗan majalisarsu. Kowace da wurin zamanta. Mai fassarar da ya san duka ɓangarorin biyu shi ke ƙara wa Hausa ƙarfi.

Ƙorafi na uku ya fi taɓa zuciya, kuma daga mutanen kirki yake fitowa. Za su ce koya wa yara tambayar "wa ya faɗa, a ina?" koya musu rashin ladabi ne, gobe sai su tsaya gaban iyaye da malamai suna neman hujja kan komai. Tsoron yana da tushe, don akwai matasan da suka mai da tambaya makamin raini. Sai dai a lura da wanda tambayar ke karewa. In wani ya jingina wa malami fatawar da bai bayar ba, wanda ya tambayi inda aka samo ta shi ya kare mutuncin malamin, wanda ya haɗiye ya yaɗa kuwa ya taya a yi masa ƙarya. Tambayar tana kan mai kiran sunan, mai sunan kuwa yana nan da girmansa. Ladabi yana cikin yadda ake yin ta: a rusuna, a sassauta murya, a ce "Allah gafarta malam, a wane littafi zan duba in ƙaru?" ko "Baba, daga wa aka ji wannan?" Malamin ƙwarai murna yake yi da irin wannan ɗalibi, don ya san matambayi ba ya ɓata. Wanda ransa ke ɓaci duk sanda aka nemi ya nuna madogararsa, galibi babu ita ne.

Saboda haka, ƙannena, in kun ji an kira babban suna, a rediyo ne ko a majalisar unguwa ko a saƙon da ke yawo a waya, ku tambayi kanku ko abin da aka kira ya faɗi abin da ake jingina masa, ko mai kiran yana da hurumi, da kuma abin da zai faru in an amsa kiran. In kuma ku ne za ku kira, ku fi tsananta wa kanku. Ku karanta babi na huɗu na kundin tsarin mulki, inda aka jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa, tun kuna cikin kwanciyar hankali, don ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife. Kada ku ce "doka ta ce" sai kun ga dokar, kada ku ce "malam ya ce" sai kun ji daga bakinsa ko daga amintacce. Sunan Allah kuwa, wanda shi ne mafarin wannan kalma, ya fi ƙarfin a riƙa jawo shi cikin cinikin tumatir da gardamar ƙwallo. Wanda ya saba rantsuwa kan ƙaramin abu, ranar babba ba mai gaskata shi. Hausawa sun ce tsuntsun da ya kira ruwa shi ruwa kan doka. Ruwa alheri ne, manomi da makiyayi duk jiransa suke, amma mai kiransa ya fara gyara sheƙarsa. Allah ya sa mu kira gaskiya, ya kuma ba mu ikon ɗaukar nauyinta in ta amsa.